Akwatin Malam mai ƙwai takwas

Da aka ce in kawo rubutu a wannan fitowar, na san abin da ake tsammani daga wurina shi ne 'yar nasiha irin wadda nakan yi bayan Asuba idan babban liman ya yi tafiya. To yau ba ita na kawo ba. Labarin wani akwatin ƙarfe na zo da shi, kuma ga abin da ya sa.

Watan jiya ina zaune a bakin shago da hantsi, sai ga yaran nan 'yan gwangwan sun turo kurarsu sun tsaya a gindin mangwaro. Na ga sun sauke wani tsohon rediyo mai katako, irin dogon nan da ake haɗawa da garmaho, suka sa masa guduma. Kafin in sa takalmi in ƙarasa an riga an gama. Gilasai sun tarwatse a ƙasa, ɗaya yana ta sarar taransifoma yana zare jan waya. Na ce, "Samari, nawa kuka saye shi?" Kuɗin da suka faɗa bai kai na shinkafa mudu biyu ba. Ban ga laifinsu ba, halal suke nema, kuma mai shi ne ya sayar da kansa. Amma ranar nan wallahi abinci bai yi mini daɗi ba, don ni ma saura ƙiris in yi wa na gidanmu haka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Bazazzagi ne, amma a Kaduna ya yi rayuwarsa yana dillancin kayan gwanjo. Bayan dokar 1972 ta mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, Turawa da yawa sun yi ta haɗa kaya, abin da ba za su iya ɗauka ba su sayar. A hannun wani Bature da ke aiki a masaƙun Kakuri Malam ya sayi amfilifaya, da ɗan akwatin da ake ƙara murya da shi, da manyan lasifika biyu na katako. Niyyarsa ya sayar ya ci riba. Da ya haɗa ya sa karatun Shehu Mahmud Khalil Husari, sai ya ce wa Inna wannan kam ya zo gida ke nan.

Amfilifayar ba ta da wani kyau na a zo a gani. Faranti ne na ƙarfe ruwan tagulla, nauyinsa ya kai kilo goma, a kansa taransifoma uku, gwangwanaye biyu, da kwalabe takwas na gilashi a tsaitsaye. Malam ƙwai yake ce musu, masu gyara kuma bawul suke cewa. In dare ya yi aka kashe fitila sai ka ga cikinsu ya yi ja-ja kamar garwashi a toka, shi ya sa muna yara muke ce masa akwatin aljanu. Da azumi maƙwabta sukan cika zaure a saurari tafsiri daga Rediyon Kaduna, na Shehu Abubakar Gumi da na Shehu Ɗahiru Bauchi, kowa da wanda yake jira. Ran Asabar da dare kuwa, in Malam yana cikin nishaɗi, faifan Shata ne ko na Ɗanmaraya Jos.

Ni a 1992 na sauka a nan Gawu, 'yan watanni bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, lokacin da kowa ke cewa arziki ya koma hanyar Suleja. Na fara da sarin hatsi da doya tsakanin Lambata da Suleja kafin Allah ya hore mini shago. Wayar salula ba ta yaɗu ba sai daga 2001, saboda haka waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san yadda ake yi: mutum ya sayi kaset, ya zauna ya yi magana a ciki, ya ba direba. Shekarata ta farko Malam ya aiko mini da irin wannan kaset. Kusan rabin awa yana magana. Ya gaya mini wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan ya ja kunnena a kan mudu, a kan bashi, da zama da masu gari. Ya ce Gbagyi suka riga ni zuwa wurin, in gaishe da manyansu kamar yadda zan gaishe shi, kada in taɓa saye doyar mutum da rahusa don na ga yana cikin matsi. Wannan kaset shi kaɗai ne muryarsa da ta rage mana a duniya.

A 2006 Allah ya yi masa rasuwa. Ni na yi lissafin gado, tunda ni ake ganin na yi karatu. Da aka zo kan amfilifaya, ɗan akwatin ƙara muryar ya riga ya ɓace, ita kuma ta yi shekaru ba a kunna ba. Aka sa ta a cikin tarkace. Yaya ta ce, "Kai ka ɗauka mana, wa zai yi amfani da wannan?" Na haɗo ta da kayan Inna muka taho Gawu, na tura ta ƙarƙashin buhuna a sito. Shekara goma sha shida tana nan. Sau biyu ina kiran 'yan gwangwan, sau biyu wani uzuri yana hanawa.

A 2022 idon Inna ya yi rauni sosai, ta daina fita ko ƙofar gida. Wata rana bayan Magariba ta ce tana son jin kaset ɗin Malam. Babban ɗana ya kai aka juye shi a memori, ya kunna mata a waya. Ta saurara kamar minti ɗaya ta ce, "Kashe. Wannan ba Malam ba ne. Malam da murya kamar ganga, wannan kuwa ai ɗan tsako ne." Daren nan na shiga sito da tocila na jawo akwatin.

A nan na yi kuskuren farko. Na kaɗe ƙura, yaro ya haɗa lasifika, na soka a bango kai tsaye. Ƙwai suka kama, na ji daɗi, har na fara cewa a kira Inna. Ba a yi minti uku ba sai wari ya tashi, irin na kakin da ya ƙone. Na duba sai na ga ƙarfen cikin ƙwai ɗaya ya yi jawur kamar an ciro shi daga maƙera. Can sai na ji wani abu ya faɗo a ƙarƙashi, ƙwas, komai ya yi tsit.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada. Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙwai ne suka tsufa, in an sa sababbi shi ke nan. Na sa aka nemo mini guda huɗu daga Legas, kuma a mafi munin lokaci. Ashe masana'antun da suka rage suna yin bawul a duniya ba su da yawa: akwai babba a Saratov ta ƙasar Rasha, akwai JJ a Slovakiya, sai wasu a Sin. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, masu kiɗan jita na Turai da Amurka suka ruɗe suka yi ta saye suna ɓoyewa, farashi ya yi sama. Kuɗin buhun masara biyu na biya. Wani yaro mai gyaran waya ya ɗauki abin da ya faɗo ya mayar, ya lafta masa dalma yadda ba zai sake faɗowa ba. Muka sa sababbin ƙwai. Wanda ke ramin nan dai shi ya sake yin ja, sabo fil. Allah ya sa ina tsaye kusa, na fizge waya.

Wani direba abokin cinikina ne ya ce akwai wani dattijo Bayarabe a bayan kasuwar Suleja, yanzu fanka da sitabilaiza yake gyarawa, amma a da rediyo ne aikinsa. Na naɗe akwatin a bargo na hau mota. Baba ya haura saba'in. A Ibadan ya koyi aiki yana yaro, garin da aka buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar nan a 1959, lokacin da yawancin rediyo da talabijin bawul ne a cikinsu. Da na buɗe bargon sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Alfa, ina ka samo wannan?" Ya nuna mini sunan da ke jiki, Leak Stereo 20, ya ce wani kamfani ne na Landan, na wani mutum Harold Leak, kuma a 1958 suka fara fitar da wannan samfurin. Wat goma yake bayarwa a kowace lasifika. Ƙwai takwas ɗin kuma kowanne da aikinsa: ƙanana uku masu lamba ECC83 su ke karɓar sauti su fara ɗaga shi, huɗu masu lamba EL84 su ke tura lasifika, bibbiyu kowane ɓangare, sai babban nan GZ34 wanda ke mayar da wutar bango mai kai da komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya.

Da ya kifa shi ya ga dalmar da aka lafta, sai ya kama kai. Ya ce abin nan da ya faɗo rezista ce mai om 100, kuma da gangan masu ƙirar suka maƙala ta yadda in wuta ta yi yawa za ta yi zafi, dalma ta narke, ta faɗi, ta yanke wuta kafin taransifoma ta ƙone. Ya ce, "Mai gadi ya yi ihu, ku kuma kuka ɗaure masa baki." Na yi shiru. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na ce masa, "Baba, ni fa ina son in fahimci abin nan, kada a gyara mini in koma in sake ɓatawa." Ya ba ni benci. Bayanin da ya yi mini shi zan maimaita muku daidai fahimtata. Kwalbar nan an zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai siririyar waya da ke ɗumama wani ɗan bututu, in ya yi zafi sai ƙwayoyin lantarki su riƙa tashi daga jikinsa suna tafiya zuwa wani faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, sama da bolt 300. A tsakaninsu akwai raga. 'Yar wutar da ke fitowa daga kaset ko waya a kan ragar nan ake ɗora ta, ita ke buɗe hanya tana rufewa. Kamar mai ban ruwa ne a fadama, da ɗan bakin fartanya yake juya ruwan da ya fi ƙarfinsa. Wani Baturen Ingila, Fleming, ya fara yin bawul a 1904, wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara ragar a 1906. Da aka ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, ƙarama, ba zafi, ba tsada, sai a hankali ta kore su daga kasuwa.

To me ya sa nawa ke yin ja? Baba ya nuna mini wasu 'yan kwandansa a ƙarƙashi. Aikinsu su bar sauti ya wuce daga ƙaramin ƙwai zuwa babba, amma su tare babbar wuta. Na zamanin da takarda ce da mai a cikinsu, in shekaru suka yi yawa, ga damina ga zafin sito, sai su fara yoyo. Wutar da ta zubo sai ta hau ragar EL84 ta wangale ta, ƙwan ya riƙa shan wuta fiye da ƙarfinsa har ya yi ja. Ya ɗora mita a ragar, inda ya kamata a ga sifili sai ga allura ta tashi. Ke nan ko ƙwai ɗari na saya, ramin nan zai ci gaba da cinye su. Abin da ya lalace bai kai kuɗin lemo biyar ba, ni kuma na je na zubar da kuɗin masara.

Kafin ya sa hannu ya nuna mini wani abu da nake so kowa ya riƙe. Ya kunna na ɗan lokaci, ya kashe, ya zare waya daga bango gaba ɗaya, sannan ya ɗora mita a kan gwangwanayen nan biyu. Wuta na nan a ciki, mai yawa. Ya ce waɗannan kwandansa ne manya, suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma tana iya kashe mutum. Sai da ya sauke ta da rezista ya sake aunawa kafin ya taɓa komai, kuma in yana awo akwati na kunne hannunsa ɗaya na aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirji. Kunnawar ma ba kai tsaye ya yi ba. Yana da wani allo da ya jera ƙwan fitila mai wat 100, irin na da mai zare, a kan hanyar wuta. In akwai matsala a ciki ƙwan fitilar ne zai haska ya shanye wutar, akwati ya tsira. Da na san wannan tun farko da ban ji warin nan ba.

Sati uku akwatin ya yi a wurinsa, ina zuwa duk ran da na shiga Suleja sari. Ya canza duk kwandansan da ke tsakanin ƙwai da sababbi na roba masu jure bolt 630. Ya canza ƙananan da ke gindin EL84, ya canza manyan gwangwanaye da masu awo daidai da na asali. Ya bi rezista ɗaya bayan ɗaya da mita, don irin na da masu gawayi awonsu yakan hau da tsufa. Wadda ta kauce da yawa ya cire, wadda ke daidai ya bar ta. Ya mayar da mai gadin nan da 'yar dalma kaɗan kamar yadda take tun asali. Ya cire tsohuwar wayar bango da ta bushe ya sa mai uku, ya ɗaure ta ƙasa a jikin ƙarfen akwati, ya sa fis daidai awo. Akwai wurin zaɓar ƙarfin wutar bango, ya mayar da shi kan mafi girma, ya ce gara ƙwai su ɗan ji yunwa da a ɗura musu, tunda wutarmu takan yi tsalle ba sallama. Tsofaffin ƙananan ƙwai uku, na kamfanin Mullard, ya gwada ya ce lafiyarsu ƙalau, sun fi sababbi ma. Daga cikin EL84 na da da sababbin da na saya ya tsamo huɗu da suka yi kusa da juna a shan wuta, ya auna gindin kowanne ya ga kusan bolt 10.

Ƙarin da aka yi mata na zamani guda ɗaya ne, shi ma a waje. Tunda ɗan akwatin ƙara murya ya ɓace, kuma amfilifayar 'yar wuta kaɗan take buƙata ta kai ƙarshen ƙarfinta, in ka haɗa waya kai tsaye sai ta yi maka tsawa. Baba ya haɗa ɗan akwati da maɓallin ƙara murya da na zaɓi: kaset, rediyo, ko 'yar na'urar Bluetooth da yaro ya sayo. Ba a huda ƙarfen asali ko sau ɗaya ba.

Abin da Baba ya ƙi yi ya fi burge ni. Ɗana ya kalli bidiyoyi a YouTube ya zo da shawarwari. Ya ce a cire GZ34 a sa 'yan dayod na zamani. Baba ya ce in aka yi haka wuta za ta ƙaru fiye da yadda aka tsara, kuma za ta afka wa ƙwai tun suna sanyi, alhali shi GZ34 a hankali yake sako ta bayan sun ɗumama. Ya ce a sa manyan kwandansa ninki huɗu don ƙarar ganga ta ƙaru. Baba ya ce GZ34 yana da iyakar abin da zai iya cikawa, in aka wuce sai ya yi tartsatsi a ciki. Daga ƙarshe yaron ya ce, "Abba, to a kwashe kayan cikin mana a sa ɗan allon Sin mai wat ɗari, a bar ƙwai suna haske don ado." Baba ya dube shi ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin an yanka doki don a yi wa sirdi ado?" Ya buga yatsa a kan taransifomomi biyu na lasifika ya ce ran akwatin a nan yake. Ƙwai wuta mai ƙarfi suke bayarwa amma siririya, lasifika kuma mai kauri take so, su ne ke yin canjin. Naɗinsu aikin gwanaye ne, in suka ƙone da wuya a sami mai naɗa kamarsu. Komai na ciki ana iya saye, ban da su. Su ne kuma abin da guduma ke fara nema.

Ranar da na dawo da ita, bayan Isha'i muka shimfiɗa wa Inna darduma a tsakiyar lasifika biyu. Aka jira ƙwai suka ɗumama, kamar rabin minti. Malam ya yi gyaran murya ya yi sallama. Inna ta amsa masa. Wallahi amsawa ta yi, da ƙarfi, kamar yana bakin ƙofa. Ba wanda ya yi magana har kaset ya ƙare. Jikokinsa da ba su taɓa ganinsa ba suka ji yana lissafa sunayen mutanen Tudun Wada da suka riga mu gidan gaskiya. Da ya zo kan maganar mudu sai na sunkuyar da kai, don shekara talatin ke nan kuma har yau ban wuce a ja mini kunne ba.

Kada in yi muku ƙari. Baba da kansa ya ce rabin abin da Inna ta ji aikin manyan lasifika ne, don 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin muryar namiji, kuma amfilifayar zamani mai kyau ma za ta yi ƙoƙari. Abin da ni na lura shi ne sautin wannan ba ya gajiyar da kunne, ko an ɗaga shi ba ya tsagewa farat ɗaya, kuma wat goma ta ishi ɗaki har ta yi yawa. Tana da nata wahalhalu. Wuta take ci kusan wat ɗari ko ana magana ko an yi shiru, saboda haka a kan batirin sola sai da lissafi. Tana zafi, dole a bar mata iska, kada a yafa mata ƙyalle. Ba na sa ta a ƙaramin janareta, kuma kullum ta bayan sitabilaiza mai jinkiri take, don in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take kada ta buge ta. Ba a kunna ta sai lasifika na haɗe, in ba haka ba taransifomar na iya lalacewa. Da wasu 'yan kwamiti suka ce in kawo ta masallaci, na ce a'a. Ahuja ɗinmu ta Indiya, mai aiki da batirin mota, mai tura ƙaho har bakin titi, ita ce daidai da wannan aikin. Kowane allazi da nasa amanu, wannan ta ɗaki ce.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi yi mini nauyi. Ranar da zan biya Baba ya ce, "Alfa, ka san kuɗin abin nan kuwa?" Yaro ya duba a intanet. A Ingila ana sayar da irinta fam ɗari-ɗari, gyararriya mai kyau tana doshin dubu. Na dawo gida ban yi barci ba. Ni na raba gadon nan, ni na rubuta ta a cikin tarkace, ni kuma ta faɗo wa. Yaya ta ce in ɗauka, gaskiya ne, amma ta faɗa ne a kan abin da dukanmu muka ɗauka ba shi da daraja. Sau nawa na zauna a gidajen mutane ina cewa ko allura ce a fito da ita a lissafa? Zuciya ta yi ta kawo mini hujja: ai kai ka adana, kai ka kashe kuɗi, ba wanda zai sani. Da Asuba na kira Yaya da ƙannena biyu na gaya musu komai.

Ba a rabu da daɗi nan take ba. Ƙaramin ƙanena yana da yara biyu a makaranta, ya ce a sayar a raba, kuma yana da gaskiyarsa. Na ce Inna fa? Aka yi kwana biyu ba ya ɗaukar wayata. Daga baya muka daidaita a kan a ƙiyasta kuɗinta yadda take kafin gyara, a fitar wa Inna tumuninta, saura a raba yadda shari'a ta tsara, ni in biya kowa rabonsa ta zama tawa. Na ƙanena na biya shi a wata biyar. Ɗayan ya karɓi rabi ya bar rabi. Yaya ta ce ta yafe, amma da sharaɗin duk zuwanta Gawu za a kunna mata Malam, kuma a tura wa kowa muryar a wayarsa. Inna ta ce nata a sayo wa Baba mai gyara shadda. Na kai masa da kaina.

To 'yan'uwa, ga abin da nake roƙo. Da yawanmu mun taso daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato da kayan iyaye a cikin buhu. In akwai tsohon rediyo ko amfilifaya mai ƙwai a siton gidanku, Philips ne, Grundig ne, Pye ne, ko wanda sunansa ya goge, kada ku soka shi a bango don gwaji, kada yaro ya buɗe bayansa, kada kuma ku miƙa wa mai guduma kafin wanda ya sani ya duba. Ku karanta bayansa, in an rubuta bolt 110 ko 120 na Amurka ne, wutarmu ta 230 za ta ƙona shi nan take. Ba kowanne ne mai tsada ba, wasu gyaransu ya fi kuɗinsu, amma a bari mai ido ya faɗa. In kuma kayan gado ne, a gaya wa sauran magada kafin a yi komai. Kaset ɗin muryar iyaye kuwa, ku juye su a memori tun yau, ku ajiye a wuri biyu, don zaren kaset yana mannewa yana tsinkewa, nawa ma sai da aka ɗinke shi a wuri ɗaya.

Baba ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, kuma ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyon wannan ɓangaren. Na tura ɗana yana zuwa wurinsa duk Asabar. In akwai wani matashi a unguwa mai haƙuri da son aikin lantarki, ya same ni a shago mu yi magana, kuɗin mota ni zan biya. Mai son jin yadda akwatin ke magana kuma, ƙofa a buɗe take bayan Isha'i, in akwai wuta.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna. Wassalamu alaikum.